Lambar da ke kan kwali ba ta cika fili: Yadda ake zaɓen lasifikar biki a Gure

Idan akwai biki a wata unguwa a Gure, tun kafin mutum ya hango taro yake jin labarinsa. An tare layi da rumfar tamfol, an shimfiɗa tabarmi a kan rairayi, yara sun kewaye wani matashi da ke durƙushe yana haɗa wayoyi. An ja ƙaramin injin wuta, wanda a Nijar ake ce wa gurup, a Najeriya kuma janareta, an kai shi bayan katanga don kada ƙararsa ta danne ta mawaƙi. Daga nan sai a buga kan makirufo da yatsa sau biyu, sau uku, kowa ya san an kusa farawa.

Wanda ya saba zuwa irin waɗannan tarurruka ya san abin da kan biyo baya wani lokaci. Na gaba sun toshe kunne, na baya kuma suna ɗaga hannu suna cewa a ƙara sauti. Mai kayan ya murɗa har ƙarshe, muryar mawaƙi ta fara tsagewa kamar ana yaga leda, can sai ƙaurin ƙonewa ya tashi daga bayan akwatin. Biki ya koma kan ganga da tafi.

Ga 'yan kallo abin dariya ne. Ga mai kayan kuwa jari ne ya ƙone. Akwatin nan sau da yawa ba kuɗin mutum ɗaya ba ne: guminsa na wani yaya ne da ke aikin gini a Libiya ko Aljeriya, ko wani ƙane da ke ci-rani a Legas, wanda ya tara ya aiko domin na gida ya samu sana'ar haya, ya daina zaman fada ba aiki. Idan aka yi zaɓen tumun dare, ba lasifika kaɗai ake asara ba, har da amanar da ke tsakanin mai aikowa da mai karɓa.

Fili ba zaure ba ne

Gure tana kimanin kilomita 170 gabas da birnin Damagaram, a kan babbar hanyar da ta nufi Difa, kuma nisanta da Yamai ya haura kilomita 1,000. Tsohuwar hedikwatar ƙasar Muniyo ce, inda Mangawa da Hausawa da Tubawa da Fulani da Buzaye ke cuɗanya a kasuwa ɗaya. Kusan duk wani taro da ake yi a nan, biki ne ko suna, wa'azi ko maulidi, kokowa ko wasan makaranta, a waje ake yin sa, a kan yashi, sama a buɗe.

Wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai saye ya riƙe, domin yawancin bidiyon gwajin lasifika da matasa ke kallo a YouTube da TikTok a cikin ɗaki ake ɗaukarsu. A ɗaki, bango da rufi suna mayar da sauti, su ƙara masa kauri. A fili babu mai mayar maka da komai. Yashi ma shanye sauti yake yi, haka jikin mutane da manyan riguna da mayafai.

Ƙa'idar da masana sauti ke aiki da ita ba ta da wuya. Ana auna ƙarfin sauti da desibel, wanda ake rubutawa dB. A buɗaɗɗen wuri, duk sa'ad da nisanka da lasifika ya ninka, sauti na raguwa da desibel 6. Abin da ya fito da 120 a mita ɗaya zai zama 114 a mita biyu, 108 a mita huɗu, 102 a mita takwas, 96 a mita 16, sannan 90 a mita 32. Ka ƙara da iskar hunturu da ke kwashe sauti ta kai shi wata unguwa, da hayaniyar mata da yara, da kukan gurup, za ka gane dalilin da ya sa akwatin da ya girgiza shago a kasuwa yake zama kamar rediyo a filin biki.

Mutanen da sun san wannan tun kafin zuwan lantarki. Algaita da kakaki da ganga kayan fili ne, an ƙera su ne don a ji su daga nesa ba tare da taimakon kowa ba. Gurmi da garaya ba haka suke ba. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tasker da ke arewa da Gure, wanda ya rasu a watan Nuwamban 2018, ya yi suna da gurmi, daga baya kuma da biram, kayan kiɗa mai tsirkiya biyar na Budumawan tafkin Chadi. Irin waɗannan kayan sautinsu siriri ne, idan lasifika ba ta da tsafta sai ta mayar da su ƙarar gwangwani. Saboda haka tambayar farko ba nawa ne ƙarfinta ba. Tambayar ita ce me za a sa a cikinta, mutum nawa za su saurara, kuma daga ina zuwa ina.

Ƙaryar wat

Shiga kasuwar Dole a Damagaram ko layin 'yan kayan lantarki a Sabon Gari ta Kano, za ka ga akwatuna masu taya da hannun ja kamar jakar matafiyi, da fitilu masu juyawa, an rubuta musu wat 3,000 ko 5,000 ko ma fiye da manyan haruffa. A kusa da lambar sau da yawa akwai haruffa huɗu ƙanana: PMPO. Wannan ba awo ba ne da wata hukuma ta amince da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja ido. Lambar da ke da ɗan amfani ita ce wadda aka rubuta RMS a gefenta, wato ƙarfin da na'urar ke iya riƙewa tana aiki ba tsayawa.

Akwai hanya mai sauƙi ta kama ƙaryar. Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna suna ɗauke ne da batir mai bolt 12 da amfiya 7, irin wanda ake sa wa ƙananan na'urorin ajiye wuta. Ka ninka 12 sau 7, ka samu 84. Ma'ana batir ɗin zai iya ba da wat 84 na tsawon awa ɗaya, shi ke nan abin da ke cikinsa. Da a ce akwatin yana jan wat 5,000 da gaske, da batir ɗin ya ƙare cikin minti ɗaya. Tunda kuwa yana kai awa uku ko huɗu yana kiɗa, to abin da yake ci bai wuce wat 20 zuwa 30 ba.

Ko a wajen manyan kamfanoni ma, wat ba shi ne labarin ba. Ɗauki akwatuna biyu masu faɗin inci 12 da mawaƙa ke amfani da su a duniya. Yamaha DBR12 an rubuta mata wat 1,000, kuma iyakar sautinta desibel 131. QSC K12.2 an rubuta mata wat 2,000, iyakar sautinta 132. An ninka wat, amma bambancin a takarda desibel ɗaya ne tak, wanda da ƙyar kunne ke ganewa. Dalili kuwa shi ne ninka ƙarfin wuta, ko da komai ya tafi daidai, desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji cewa sauti ya ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato sai an ninka wutar sau goma.

Don haka lambar da ta fi dacewa a nema a takardar kayan ita ce wadda aka rubuta SPL a gabanta, iyakar ƙarar da akwatin ke fitarwa a nisan mita ɗaya. Ita ma kamfanoni kan ba da ta ƙololuwa ne, wadda ba ta daɗewa, don haka mai hankali yana cire mata aƙalla desibel 6 kafin ya yi lissafin filinsa. Akwatin da babu wannan lamba ko kaɗan a jikinsa ko a takardarsa, ya riga ya gaya maka wani abu game da kansa.

Wace ce ta wane aiki

Akwatin taya ba abin rainawa ba ne idan an san matsayinsa. Yana da araha, yana zuwa da makirufo marar waya, yana karanta memori da Bluetooth, kabu-kabu ɗaya ya ishe shi. Ga mai tallan magani a kasuwa, ko walimar cikin gida, ko 'yan fada da ke son jin Hamisu Breaker da Umar M. Shareef a kan shayi, ya wadatar. Matsalar tana farawa ne ranar da aka ɗauke shi haya don bikin mutum 300.

Sama da shi akwai ƙananan lasifikoki masu batir na manyan kamfanoni, waɗanda 'yan uwa da ke Turai da Amurka suka fi sha'awar aikowa saboda suna shiga jaka. Bose S1 Pro nauyinta kusan kilo 7 ne, kamfanin ya ce batirinta na kaiwa awa 11, iyakar sautinta desibel 109. JBL EON One Compact, mai inci 8, tana kusan kilo 8, tana kai 112, batir har awa 12, kuma ana iya zare shi a sa wani. Electro-Voice Everse 8 ta fi su ƙara, an rubuta mata 121. Sautin waɗannan yana da tsafta ƙwarai, mai gurmi ko mai jita da mawaƙi ɗaya a tsakar gida ba zai nemi abin da ya fi su ba. To amma yi lissafin da muka yi a sama: 109 a mita ɗaya ta koma 85 a mita 16, kuma wannan ƙololuwa ce. A bikin layi, na baya ba za su ji komai ba sai bugun ganga. Su kayan zaure ne da ƙaramin taro, kuma kuɗinsu ba ƙarami ba ne.

Awannin batir da ake talla su ma da sharaɗi. Kamfanin Roland ya fi sauran fitowa fili a kan wannan. Cube Street EX ɗinsa, mai cin batir ƙanana guda takwas irin na tocila, an bayyana cewa yana yin kusan awa 20 a wat 10, awa 10 a wat 25, amma awa 5 kacal idan aka buɗe shi duka a wat 50. Haka abin yake ga kowace lasifika mai batir: lambar da ke kan talla ta sautin ƙasa-ƙasa ce, ba ta biki ba.

Wanda zai yi sana'ar haya da gaske, zaɓinsa yana tsakanin abu biyu ne. Ko dai akwatuna masu inci 12 ko 15 da amfilifaya a cikinsu, irin Yamaha da QSC da aka ambata, ko kuma tsohon tsari: akwatuna zalla, amfilifaya daban, mikisa daban. Na farkon sun fi sauƙin haɗawa, sun fi rashin nauyi (DBR12 ba ta kai kilo 16 ba), kuma suna da wata na'ura a ciki da ke hana su wuce iyaka su ƙone. Na biyun sun fi nauyi da yawan wayoyi, kuma suna buƙatar wanda ya san abin da yake yi. Akwati mai om 8 idan aka haɗa shi da ɗan uwansa a layi ɗaya sun koma om 4, idan aka jera huɗu sun koma 2, kuma amfilifaya da yawa ba sa jure hakan. Yawancin ƙaurin da ake ji a biki daga nan yake fitowa, ko kuma daga ƙaramar amfilifaya da aka matsa mata har sautinta ya fara tsagewa, wanda shi ke ƙona ƙaramar lasifikar sama da masu gyara ke kira tuwita.

Sai kuma wadda matasa ke rainawa: lasifikar ƙarfe mai bakin kakaki, irin ta kan hasumiyar masallaci, wadda kamfanonin TOA na Japan da Ahuja na Indiya suka yi suna da ita. Ba ta da bes ko kaɗan, idan aka sa mata waƙar zamani sai ta zama abin tausayi. Amma a wajen kai magana nesa babu kamarta. Da wat ɗaya tak, da dama daga cikinsu suna ba da desibel 105 zuwa 110, alhali akwatin kiɗa na yau da kullum yana ba da 95 zuwa 98 ne. Ba ta tsoron rana, ba ta tsoron ƙura, kuma akwai amfilifayoyinta da ke aiki kai tsaye da batirin mota. Ga wa'azi, sanarwa, ko mai gabatarwa a filin kokowa, biyu daga cikinta a kan dogon ƙarfe sun fi akwatin taya huɗu. Mai haya da ke da wayo yana ajiye ta kusa da akwatunan kiɗansa, domin a gari irin Gure rabin aikin da zai samu magana ce, ba waƙa ba.

Wannan batu ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. A da, lokacin yaƙin neman zaɓe kaka ne ga masu kayan sauti. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da harkokin jam'iyyun siyasa a Nijar, sannan a watan Maris na 2025 aka rusa su baki ɗaya. Wanda zai sayi kaya yau, da biki da suna da tarukan addini da na makarantu zai mayar da kuɗinsa, kuma waɗannan ba sa biya kamar 'yan siyasa.

Wuta, zafi da ƙura

Abokan gaba uku ne, kuma babu ɗayansu da ake gani a shago.

Wutar Nijar bolt 220 ce, amma samunta a tsaye ba abin dogaro ba ne. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar daga Najeriya yake zuwa, ciki har da layin da ya taso daga Katsina yana ciyar da Maraɗi da Damagaram. A farkon watan Agustan 2023 Najeriya ta yanke shi a ƙarƙashin takunkumin ECOWAS, ba a mayar ba sai Maris na 2024. Waɗancan watanni sun koya wa kowa cewa mai sana'ar sauti da bai mallaki wutarsa ba bai mallaki sana'arsa ba.

Ƙaramin gurup ɗin nan mai cin fetur gauraye da baƙin mai, wanda aka rubuta wa 950, abin da yake bayarwa da gaske bai kai hakan ba, kuma wutarsa tana hawa da sauka. Lokaci mafi haɗari shi ne sa'ad da mai ya fara ƙarewa injin yana shaƙewa, ko kuma aka zare masa wani babban nauyi farat ɗaya. Tsofaffin amfilifayoyi masu nauyin taransifoma suna jure wannan duka fiye da sababbi masu sauƙi. Wanda ya sayi akwati mai tsada ya ƙi sayen sitabilaiza, ya sayi doki ne ya hana shi linzami. Ƙa'idar kunnawa kuma ba ta canzawa: a tada injin ya daidaita, a kunna mikisa, lasifika ce ta ƙarshe. Wajen kashewa ita ce ta farko.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne sababbin akwatunan ba su da cin wuta kamar yadda lambarsu ke tsoratarwa. Yamaha ta rubuta cewa DBR12, duk da wat 1,000 da ke jikinta, wat 74 take ja a kiɗa na yau da kullum. Biyu daga cikinta da ƙaramar mikisa ba su kai wat 200 ba. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa ɗaya, kuma idan na dalma ne rabin hakan ya kamata a taɓa don kada ya mutu da wuri. Ke nan da batir ɗaya mai kyau da inbata, za a iya yin kusan awa uku ba hayaƙi ba ƙara, gobe kuma faifan sola ya cika shi. A garin da rana ba ta yankewa, wannan lissafi ya cancanci a zauna a yi shi. Sharaɗi ɗaya ne: inbatar ta zama mai fitar da wuta mai tsafta, domin masu arahar suna sa lasifika yin wani gurnani da ba ya tafiya.

Zafi kuwa yana cin batir a ɓoye. A watannin Afrilu da Mayu ma'aunin zafi a wannan yanki yana haura digiri 40. Masu ƙera batirin dalma suna auna rayuwarsa ne a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana rage ta da kusan rabi. Shi ya sa akwatin taya da ya yi awa huɗu a watan farko yake komawa minti 40 kafin shekara ta zagayo. Alherinsa ɗaya shi ne batirin nasa ana samunsa a kasuwa a canza. Na lithiyam da ke cikin masu tsada ya fi daɗewa, amma shi ma ba ya son a bar shi a rana ko a ɗakin kwano cike da caji, kuma idan ya mutu sai an yi odar irinsa daga waje. Baƙin akwati da aka ajiye a rana tun azahar yana iya kashe kansa da kansa kafin la'asar, don amfilifayar ciki ta yi zafi. Rumfa ba ta baƙi kaɗai ba ce.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da bukukuwa suka fi yawa bayan an kai amfanin gona gida, iskar hunturu tana shigar da gari mai laushi cikin kowace kafa. Tana cika maɓallan murɗawa har su fara ƙarƙara, tana toshe fankar amfilifaya. Wasu kayan suna da lamba mai farawa da IP, kuma lambar farko bayan haruffan ita ce ta ƙura. Everse 8, alal misali, IP43 ce idan an rufe bayanta, wato tana jure yayyafi da tsakuwa amma ba ƙura mai laushi ba. Sai lambar farko ta kai 5 ko 6 ake maganar kariya daga ƙura, kuma lasifikokin ƙarfe na masallaci ne suka fi samun wannan. Akwatin da ba shi da fanka, wanda ke huce zafi ta farantin ƙarfen bayansa, yana da wannan riba a nan. Sauran kuwa sai riga ta tamfol da buroshi mai laushi bayan kowane aiki.

Wa zai gyara?

A ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce ba a yi sai bayan an yi asara. Tsohon tsari, akwati daban amfilifaya daban, yana da mummunar siffa amma yana da dangi. Idan koyil ya ƙone, akwai masu naɗa shi a Damagaram da Kano. Idan tuwita ta tafi, ana sayen 'yar cikinta a canza. Idan amfilifaya ta mutu a tsakiyar biki, ana aro wata a ci gaba. Shi kuwa akwatin zamani mai komai a ciki, allonsa cike yake da ƙananan sassa da kwamfuta ke sarrafawa, idan ya lalace yawanci ba gyara ake yi ba, allon ake canzawa ɗungurum. Daga Gure, wannan na nufin tafiya ko aike zuwa Kano ko Yamai, wani lokaci har kasuwar Alaba a Legas, da makonni na jira, kayan suna kwance lokacin bukukuwa yana wucewa.

Ba ana cewa kada a sayi na zamani ba ne. Sautinsu ya fi, kuma kariyar da ke cikinsu tana ceton su daga hannun yaran da ke son murɗawa har ƙarshe. Amma wanda kayansa ke nan kaf, ba shi da na ko-ta-kwana, gara ya sayi biyu matsakaita iri ɗaya da ya sayi ɗaya babba. Idan ɗaya ta faɗi, ɗayar za ta kai shi ƙarshen biki. Ƙungiyoyin jita na Agadas irin su Etran de l'Aïr, waɗanda suka yi shekaru suna kiɗan biki a layukan garinsu kafin duniya ta san su, ba da kayan alfarma suka gina sunansu ba, da kayan da ake iya tadawa idan sun faɗi ne.

Akwai kuma jabu. Sunayen JBL da Yamaha ana manna su a kan akwatunan da ba su taɓa shiga masana'antar waɗannan kamfanoni ba. Makirufon Shure SM58, wanda aka fara ƙerawa tun 1966, yana cikin kayan sautin da aka fi kwaikwaya a duniya. Na jabun yakan fi sauƙi a hannu, yana ɗaukar ƙarar tafin mai riƙe da shi, kuma shi ne kan gaba wajen jawo wannan kukan da ke sa kowa ya daka tsalle. Farashin da ya yi daɗi fiye da kima shi ne shaida ta farko.

Ga mai aikowa daga waje

Wanda ke Amurka ko Kanada ya fara duba bayan na'urar. Wutar can bolt 110 zuwa 120 ce. Idan ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, kunnawa ɗaya a Gure ta isa ta kashe ta. Wanda zai ɗauko mai batir a jirgi kuma ya san dokar kamfanonin jiragen sama kan batirin lithiyam: wanda bai wuce 100 Wh ba yana wucewa, daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, abin da ya haura haka ba a ɗaukarsa a kayan fasinja, kuma batirin da aka zare ba ya shiga jakar da ake aunawa, sai ta hannu. Takardar garanti ta Faransa ko Dubai kuwa ba ta da wani amfani a nan, domin kuɗin mayar da kayan ya kusa na sabo.

Sau da yawa abin da ya fi shi ne a aiko da kuɗin, a bar na gida ya je da wanda ya san sauti su saya a Damagaram ko Kano, inda za su iya komawa idan an samu matsala. Kuma kada kuɗin ya ƙare a kan akwati. Ƙafafun ɗagawa guda biyu suna yin aikin da ƙarin wat 500 ba zai yi ba, domin lasifikar da ke ƙasa cikin ƙafafun mutane take waƙa, wadda aka ɗaga sama da kawuna kuwa tana isa ga na baya ba tare da ta kurmantar da na gaba ba. Haka wayoyi masu kauri, da makirufo mai waya guda ɗaya na ajiya saboda ranar da batirin marar waya zai ƙare ana tsakiyar addu'a. Ajiye mawaƙi a bayan layin lasifikoki, ba a gabansu ba, shi ke kashe yawancin kukan makirufo, kuma wannan kyauta ne.

Maganar kurmantarwa ba wasa ba ce. A watan Maris na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, inda ta ce kada matsakaicin sauti ya wuce desibel 100, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya masu shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙara. Akwatin da ke iya kai 130 a mita ɗaya ya wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, kuma a bukukuwanmu waɗanda ke manne da bakinsa yara ne, sai jarirai a bayan iyayensu mata. Shi kansa mai kayan, da ke tsaye kusa da su dare bayan dare, shi ne farkon wanda zai fara jin wani siririn kuka a kunnensa idan ya kwanta.

Ranar saye, kada a yarda da waƙar da mai shago ya zaɓa, don ya san wadda ke ɓoye aibin kayansa. A zo da memori mai waƙar da aka sani sarai, da wata mai muryar mutum zalla, karatu ko jawabi. A roƙi a fito da akwatin waje, a ɗora shi a kan tebur, a zare shi daga wutar shago idan mai batir ne. Mutum ɗaya ya riƙe makirufo yana karanta lambobin waya, ɗaya kuma ya taka ƙafa 30 ya juya baya ya maimaita abin da ya ji. A bar shi yana kiɗa da ƙarfi na minti 20, sannan a ɗora tafin hannu a kan ƙarfen bayansa. Daga nan sai a tambayi mai shagon sunan layin da ake gyara irinsa, a je a ga mai gyaran ido da ido kafin a ƙirga kuɗi.